Wai Yaron Ne Ya Ci Amana?

A Amurka akwai ɗaliban jami'a da abin da suke samu a shekara ya ninka albashin shugaban jami'ar, kuma ba wani magani suka gano a ɗakin bincike ba. Ƙwallo suke jefawa. Na ga kun fara kallon juna. "Malam ya fara." E, na fara, ku gyara zama, don wannan ce mafi sauƙin haɗiya a cikin maganganun da na zo da su yau.

Abin da ke ruɗa ku shi ne, da an ce wasannin jami'a sai hankalinku ya tafi gasar NUGA: filin makaranta, 'yan kallo tsiraru, a raba lambobin yabo kowa ya koma lacca. Ku ajiye wannan hoton. Filin ƙwallon Jami'ar Michigan mutum 107,601 yake ci. Babban filin wasa na ƙasa da ke Abuja kimanin 60,000 yake ɗauka, wato ko an cika shi maƙil an kwashe mutanen an zuba a na Michigan, kusan rabin kujerun za su zauna ba kowa. Jami'o'i takwas ne a ƙasar ke da filin da ya haura 100,000. Garin State College, inda Jami'ar Penn State take, mazaunansa ba su kai 50,000 ba, amma ranar Asabar ɗin wasa sama da 100,000 ne ke cika filin. Wasan kuwa shi ne ƙwallon nan nasu na zari-ruga, wanda ake sa hular kwano da sulke ana ta karo da juna. Ƙwallon kwando na biye masa.

"To ai ɗalibai ne da iyayensu." Haba Alhaji. Jihar Alabama ba ta da ƙungiya ko ɗaya a gasar ƙwararru ta NFL, haka ma Nebraska, saboda haka ƙungiyar jami'a ita ce tutar jiha baki ɗaya, ta direban tirela da manomi da likita. A gida ake gadon goyon bayan, daga kaka zuwa uba zuwa jika. Tun 1962 tikitin wasan gida na Nebraska bai taɓa kwantai ba, in ka cire shekarar korona da aka hana 'yan kallo shiga, alhali rabonsu da kofin ƙasa tun 1997. A 2010, bayan Jami'ar Auburn ta doke Jami'ar Alabama, wani dattijo mai goyon bayan Alabama, tsohon ɗan sanda mai ritaya daga Texas, ya je ya zuba maganin kashe ciyawa a gindin wasu tsofaffin itatuwa biyu da magoya bayan Auburn ke taruwa wajensu duk ranar da suka yi nasara. Bai tsaya nan ba, ya buga waya gidan rediyo yana alfahari. Itatuwan suka mutu, aka sare su a 2013, shi kuma ya sha ɗauri, kotu ta ce ya biya kusan dala 800,000. Wannan bawan Allah bai taɓa zama ɗalibin Jami'ar Alabama ba, ko na yini ɗaya.

To, irin waɗannan mutanen ne yau ke rantsuwa cewa sun gama. Wai kuɗi ya ɓata wasa, yaran yanzu ba su san darajar riga ba sai aljihu, daga bana sun daina kallo. Na kuma san da yawanku kun riga kun tsaya a bayansu tun ba ku ji ƙarar ba, domin mu mutane ne masu jin daɗin a ce na da sun fi na yanzu. Ni kuwa na ce babu inda za su. Riga suke so, ba yaron da ke cikinta ba, kuma tun fil azal haka abin yake. Abin da ya ɓace musu tatsuniyar da suke gaya wa kansu ce, wai yaron nan don Allah da ƙaunarsu yake karya ƙafa.

Bari mu fara da zamanin da kuke kewa, ko da yake ba ku san shi ba. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, an kafa ta a 1906, kuma fiye da shekara ɗari ta kafe a kan doka guda: ɗan wasa ɗalibi ne, ladansa bai wuce karatu kyauta da ɗaki da abinci ba, ko kwabo kada ya karɓa da sunan wasa. Kowa kuwa yana karɓa, ban da shi. Gasar ƙwallon kwando ta watan Maris kaɗai tana kawo wa hukumar wajen dala biliyan ɗaya a shekara daga gidajen talabijin. Rukunin jami'o'in Big Ten ya sa hannu a 2022 kan kwantiragin sama da dala biliyan 7 na shekara bakwai. Nick Saban, kocin Alabama, yana ɗaukar sama da dala miliyan 11 a shekara kafin ya yi ritaya a Janairun 2024. A jihohi da dama babu ma'aikacin gwamnati da ya kama ƙafar kocin jami'a a albashi, har da gwamna. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Kurayen nan da yawansu 'ya'yan talakawa ne baƙar fata, kuma waɗanda ke samun shiga NFL a ƙarshe ba su kai biyu cikin ɗari ba. Sauran su koma gida da ciwon gwiwa.

A 2010 an dakatar da A.J. Green na Jami'ar Georgia wasa huɗu saboda ya sayar da rigarsa, tasa ta kansa wadda ya yi gumi a ciki, a kan dala 1,000. A daidai lokacin shaguna na ta sayar da riguna masu lambarsa, kuɗin na shiga inda ya saba shiga. A 2014 Shabazz Napier na Connecticut ya gaya wa 'yan jarida cewa akwai daren da yake kwana da yunwa, a makonnin da yake jan ƙungiyarsa zuwa kofin ƙasa.

"Duk da haka dai wasan na da tsabta a lokacin." Wace tsabta, yallaɓai? A 1987 an rufe ƙungiyar Jami'ar SMU da ke Dallas kaka guda cur, domin an kama attajiran tsofaffin ɗalibanta suna biyan 'yan wasa a ɓoye, an gargaɗe su sun ci gaba. Reggie Bush na USC ya ci kyautar Heisman ta gwarzon shekara a 2005, ya mayar da ita a 2010 saboda an ce shi da iyayensa sun karɓi alheri daga dillalai. A 2024 aka dawo masa da abarsa, domin yanzu ba wanda zai iya tsayawa ya kira abin laifi bai ji kunya ba. Kuɗi na nan tuntuni. Cikin ambulan yake tafiya da dare, shi ya sa mai kallo ke barci da zuciya fes.

Wanda ya fara tsaga bangon wani tsohon tauraron kwando ne na UCLA, Ed O'Bannon, wanda ya ci kofin ƙasa a 1995. Yana can yana aiki a kamfanin sayar da motoci a Nevada sai ya ga kansa a wasan kwamfuta: tsayinsa, lambarsa, hannun hagun da yake jifa da shi, komai ban da suna, kuma ba wanda ya ce masa ko sannu. Ya kai ƙara a 2009, ya yi nasara a 2014. A 2019 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta halatta wa ɗalibai cin kuɗi da sunansu da hotonsu, wasu jihohi suka bi sahu don kada a kwashe musu 'yan wasa. A Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, wadda alƙalanta tara ba kasafai suke haɗuwa kan abu ba, ta haɗu tara cif ta kayar da NCAA, har ɗaya daga cikinsu, Brett Kavanaugh, ya rubuta cewa a kusan kowace sana'a a ƙasar wannan tsarin haramtacce ne ƙarara. Ranar 1 ga Yuli, 2021, aka ɗage takunkumin. A Yunin 2025 kuma mai shari'a Claudia Wilken, wadda ita ce ta yanke hukuncin O'Bannon, ta amince da sulhun da zai biya tsofaffin 'yan wasa kimanin dala biliyan 2.8, ya kuma ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko, kai tsaye daga asusunta.

Wannan kuɗi ke nan. Sauya sheƙa kuma hanyarta daban. A da, yaron da ke son barin jami'a sai ya nemi izini, koci na iya lissafa masa makarantun da ba zai je ba, kuma in ya tafi sai ya zauna kaka guda bai taɓa ƙwallo a gasa ba. A Oktoban 2018 aka buɗe wani kundi a intanet, ka sa a shigar da sunanka duk kocin ƙasar ya san kana kasuwa. A 2021 aka yafe zaman kaka guda ga mai sauyin farko, a 2024, bayan wata kotu a West Virginia ta sa baki, aka yafe wa kowa ko sau nawa ne. Yanzu dubbai ne ke shiga kundin duk shekara. Da aka haɗa kuɗi da buɗaɗɗiyar ƙofa, sai ga kasuwa ta ci.

Ga wanda ya fi tayar da ƙura. Nico Iamaleava shi ne mai jefa ƙwallo na Tennessee, wato madugun da kowane hari ke bi ta hannunsa. A 2024 ya kai su zagayen neman kofin ƙasa. Wata Juma'a a Afrilun 2025 aka neme shi wajen atisaye aka rasa. Jaridu suka ruwaito cewa yana karɓar sama da dala miliyan 2 a shekara, mutanensa kuma na neman a kai kusan miliyan 4. Washegari koci Josh Heupel ya ce sun raba gari. Yaro ya koma UCLA, yana cewa shi kusa da danginsa yake so, don can Kalifoniya ne gidansu. Mutanen Tennessee suka yi masa ca, ba irin sunan da ba su kira shi da shi ba.

Na ji ku. "Butulu! An yi masa rana ya yi musu dare." Ku dakata labarin bai ƙare ba. Da Nico ya sauka UCLA, akwai wani mai jefa ƙwallo a can, Joey Aguilar, wanda bai daɗe da barin Appalachian State ba, ko wasa ɗaya bai buga wa UCLA ba. Da ya ga an kawo masa kishiya sai ya tattara nasa ya nasa. Ina ya nufa? Tennessee. Mutanen da muryarsu ta dishe wajen zagin mai sauya sheƙa suka rungume wanda ya sauya sau biyu cikin ƙasa da wata shida, suna yabon ladabinsa da sanin ya kamata. Filin nan nasu mai cin mutum 101,915 ya ci gaba da cika.

Kada ku yi musu dariya tukuna, ku ma kuna layi. Kai ɗan'uwa da ke can baya cikin jar rigar Arsenal, ka tuna abin da ka kira Robin van Persie a gidan kallo a 2012, da ya koma Manchester United ya kuma ɗaga kofi shekarar da ta biyo? Ba zan maimaita ba, akwai manya a wurin. To me yayanka ya kira Sol Campbell a 2001, da ya tsallako daga Tottenham zuwa Arsenal ba a biya ko fam ɗaya ba? Jarumi, mai hangen nesa. 'Yan Barcelona sun jefi Luis Figo da kan alade a 2002 saboda ya koma Real Madrid, amma ban taɓa jin sun mayar da wani ɗan wasa da suka ɗauke wa Sevilla ko Valencia don tausayi ba. Tun Disamban 1995 da kotun Turai ta ba Jean-Marc Bosman gaskiya 'yan ƙwallo ke tafiya inda suka ga dama in kwantiragi ya ƙare, kuma an yi ta hasashen cewa ƙwallo ta mutu. Shekara talatin ke nan. Ku gaya mini, gidajen kallo a unguwarku raguwa suka yi ko ƙaruwa? Kai da ba ka taɓa zuwa Landan ba kake ƙin cin tuwon dare don an ci Arsenal, kuma duk 'yan wasan da ka fara so da su ba ko ɗaya da ya rage a ƙungiyar. Maci amana shi ne wanda ya bar ka. Wanda ya bar wani ya zo gare ka kuwa shiriya ya samu.

Sannan wa ya koya wa yaran? A Disamban 2006 Nick Saban, yana kocin Miami Dolphins, ya dubi 'yan jarida ya ce shi ba zai zama kocin Alabama ba. Mako biyu bayan nan yana Alabama. Yau ga mutum-mutuminsa a bakin filin. A Nuwamban 2021 Brian Kelly ya bar Notre Dame, ƙungiyarsa na jiran jin ko za ta shiga neman kofi, ya tafi LSU kan dala miliyan 95 na shekara goma, 'yan wasansa suka fara jin labari a kafafen watsa labarai. A 2025 LSU ta kore shi, da bashin wajen dala miliyan 54 a kanta. Texas A&M ta sallami Jimbo Fisher a 2023 za ta biya shi sama da dala miliyan 75 don ya zauna a gida. Ku sake ji: don ya zauna a gida.

Sarkinsu duka Lane Kiffin. Ya yi kaka ɗaya tak a wannan Tennessee ɗin, ya sulale zuwa USC a Janairun 2010, ɗalibai suka fito cikin dare har da ƙona katifa. Da ya dawo filin a 2021 yana kocin Ole Miss aka yi ta jifa, har ƙwallon golf ta same shi. A ƙarshen Nuwamban 2025, Ole Miss ta ci wasa 11 cikin 12, tana shirin shiga zagayen neman kofin ƙasa karon farko, sai ya ɗauki jakarsa ya koma LSU, kujerar da aka tayar da Kelly. Dattijo mai shekara hamsin in ya yi haka, an ce ya duba maslahar iyalinsa. Yaro ɗan shekara ashirin wanda gwiwarsa za ta iya tsinkewa Asabar mai zuwa in ya yi, an ce ba shi da tarbiyya. Laifi tudu ne.

Su ma jami'o'in da ke wa'azin riƙon amana, ku dubi abin da suka yi. Rukunin Pac-12 na yammacin ƙasar ya haura shekara ɗari da kafuwa. A 2024 goma daga cikin jami'o'insa goma sha biyu suka watse saboda kuɗin talabijin, aka bar Oregon State da Washington State riƙe da makulli. Stanford da Berkeley, waɗanda ke bakin tekun Pasifik, yanzu suna buga gasar da sunanta ma na gaɓar Atlantika ne. 'Yan wasan UCLA kan yi tafiyar kusan kilomita 4,000 zuwa New Jersey don wasan rukuni, wai ɗalibai ne masu jarrabawa ranar Litinin. Karawar Oklahoma da Oklahoma State, wadda aka fara tun 1904, ta tsaya bayan 2023. Ba ɗan wasa ko ɗaya da aka yi shawara da shi. Shugabannin jami'a ne masu digiri uku-uku suka sa hannu.

"To ka kawo hujja cewa ba su daina kallo ba." Da ma ita nake jira ku nema. Jami'ar Indiana ta daɗe tana riƙe da kambun da ba mai so: babu babbar ƙungiyar da ta kai ta yawan shan kaye a tarihi. A 2023 wasa uku ta ci cikin goma sha biyu. Sai ta ɗauko koci Curt Cignetti daga wata ƙaramar jami'a, James Madison, shi kuma ya taho da 'yan wasa goma sha uku daga can. A 2025 suka ɗauko Fernando Mendoza daga Berkeley. Yaron ya ci Heisman, na farko a tarihin makarantar, a Janairun 2026 kuma suka doke Jami'ar Miami 27 da 21 suka ɗauki kofin ƙasa, wasa 16 ba a ci su ko ɗaya ba. Madugun Miami ɗin ma, Carson Beck, daga Georgia ya zo. Kimanin mutum miliyan 30 suka kalli wasan. Ku je Bloomington, garin Jami'ar Indiana, ku nemo mini mutum guda da ya ƙi murna don Mendoza kaka ɗaya ya yi musu, ni zan biya kuɗin mota. Daga 2017 zuwa 2025 an ba da Heisman sau tara, bakwai daga ciki masu sauya sheƙa ne suka ɗauka, kuma kowace jami'a ta rataye hoton nata a bango ba ta rubuta "baƙo" a ƙasa ba. A tsohon tsari, inda manyan gidaje ke tara taurari suna ajiye su a benci shekara uku ba damar motsi, Indiana za ta mutu ba ta ga wannan rana ba.

Hajiya ta ɗaga hannu, kuma ita kaɗai ce yau ta zo da magana mai nauyi. Ta ce ita ba kuɗin ne damuwarta ba. A da yaro zai zo ɗan shekara sha takwas, siriri, yana ta kuskure, ka yi haƙuri da shi, ka ga ya cika ya zama namiji a gabanka, ranar wasansa na ƙarshe a gida a kira sunansa ya fito da uwarsa da ubansa filin ya miƙe tsaye. Yanzu kuwa kafin ka haddace lambarsa ya tafi. Gaskiya ne, ranki ya daɗe, wannan an yi asararsa, kuma nasara ba ta maye gurbinsa. Sai dai kuɗin da ake zargi shi ne kuma yake zaunar da wasu. Caitlin Clark, 'yar ƙwallon kwando, ta yi shekara huɗu cur a Iowa, jiharsu, tana tallar Nike da State Farm, kuma wasanta na ƙarshe a 2024 mutum miliyan 18.9 suka kalla, karon farko da wasan ƙarshe na mata ya fi na maza 'yan kallo. Oscar Tshiebwe, ɗan Kwango, ya zama gwarzon kwando na ƙasa a 2022 a Kentucky, maimakon ya ruga NBA sai ya ƙara shekara. Shi nasa ma da wuya ya samu, domin bizar ɗalibi ba ta yarda baƙo ya yi aikin kuɗi a cikin Amurka yadda ya so ba, sai da ƙungiyar ta je Bahamas wasannin share fage ya yi ta ɗaukar hotunan talla a can. Wannan ƙulli ya shafi 'yan Najeriya da ke bin hanyar da Hakeem Olajuwon ya bi zuwa Houston da wadda Tobi Amusan ta bi zuwa El Paso: kasuwa na ci, su suna leƙe ta taga.

Amma in kuna neman wanda abin ya cuta da gaske, ku bar kallon Alabama da Tennessee, masu kuka da hawaye ɗaya suna ƙirga kuɗi da ɗaya hannun. Ku je Huntington a West Virginia, garin Jami'ar Marshall. Ranar 14 ga Nuwamba, 1970, jirgin da ya ɗauko ƙungiyarsu ya faɗi dab da sauka, mutum 75 suka rasu, 'yan wasa da masu horarwa da manyan gari. Har yau duk ranar 14 ga Nuwamba sai an taru an rufe ruwan maɓuɓɓugar tunawa da su. Mutanen da suka sake gina ƙungiya daga makabarta ba a koya musu riƙon amana. A Disamban 2024 suka ci kofin rukuninsu. Washegari koci ya tafi wata jami'a, 'yan wasa suka yi tururuwa zuwa kundin sauya sheƙa, har ya zama ba su da isassun da za su buga wasan karramawa na ƙarshen kaka da aka gayyace su. Suka janye, rukunin nasu kuma ya ci su tarar dala 100,000. Haka Saint Peter's, 'yar ƙaramar jami'a a New Jersey, ta girgiza ƙasa a gasar kwando ta Maris na 2022 da ta fitar da Kentucky da Purdue ta kai zagayen 'yan takwas. Cikin 'yan kwanaki koci ya tafi, taurarin suka bi ƙofa. A Turai ƙungiyar da ta raini yaro tana karɓar kuɗin sayarwa ta sayo wani ko ta gyara fili. A nan galibi ko na gode ba ta samu. Mai goyon bayan ƙaramar jami'a yanzu in yaronsu ya yi bajinta sai gabansa ya faɗi, don ya san manya sun gani. In akwai wanda zai daina kallo wata rana, shi ne, kuma ba zai yi shela a rediyo ba.

Su kuwa manyan, sauyin da ya same su daban ne, kuma shi ne ya fi ba ni dariya. An mai da su masu biya. Tun 2021 aka yi ta kafa asusun karo-karo a kusan kowace babbar jami'a, attajiri ya zuba miliyoyi, mai gyaran famfo ya zuba 'yan dalolinsa duk wata, a tara a biya 'yan wasa da sunan talla. Shugaban wasanni na Ohio State da bakinsa ya ce 'yan wasansu na 2024 sun samu wajen dala miliyan 20, kuma su suka ci kofi a Janairun 2025. Tennessee ma ba ta ɓoye ba, ta ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan tikitin 2025 ta ce na biyan 'yan wasa ne. Aka yi gunaguni, aka saye tikitin kakar tas. To wanda ya biya ai ba ya kallon yaro da idon uba kuma. Da in ya yi kuskure a ce yaro ne, zai koya. Yanzu sai a ce, nawa muka ba shi? Mutumin da ke kukan yaran sun zama 'yan kasuwa shi ne ya fara zuwa fili da rasit a aljihu.

Ga kuma caca, wadda Kotun Ƙoli ta buɗe wa jihohi ƙofarta a 2018. A'a, ku sauke hannu, ban ce kuna yi ba, Allah ya kiyaye, shagunan nan na bakin titi ai aljanu ne ke cika su. Payton Thorne, mai jefa ƙwallo na Auburn, wanda shi ma daga Michigan State ya sauya sheƙa, ya ba da labari a 2024 cewa in an ci su, mutane kan bi shi ta manhajar tura kuɗi suna neman ya biya su abin da suka yi asara a kansa. Ya ce abin mamaki, ranar da suka ci riba ba wanda ya taɓa tura masa ko sisi. Waɗannan su ne ke tambayar ina amanar yaran yanzu ta tafi. Alhaji, kai da ka ce butulu ɗazu, amsa musu mana, muna saurare.